Layin da Ya Shekara Tara Yana Hawa

Idan ka ga dattijo a kan tsohon babur, da faifan tef ɗin awo rataye a kafaɗa, yana leƙa rijiyoyin mutane kamar wanda ya yar da wani abu a ciki, to Malam Zurfi ne. Ba sunansa na yanka ba ne, amma ya bi shi har ofis, har gida, har ya gaji da gyara wa mutane. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana aiki guda a ofishin ruwa. Duk ɗaya ga wata sai ya zaga rijiyoyi goma sha ɗaya na unguwar gangare, ya zura tef daga bakin rijiya har ƙarfen da ke ƙarshensa ya ce "fal" a kan ruwa, ya karanta lamba, ya rubuta a ɗan littafi. Rijiya ta bakwai a jerin ita ce ta tsakar gidansa.

Mahaifinsa haƙar rijiya yake yi, kuma ya so ɗan ya gaje shi. Sau ɗaya tak aka zura Malam Zurfi cikin rami, yana ɗan shekara goma sha huɗu. Ya ɗaga kai ya ga sararin sama ya koma kamar bakin kofi, ya kurma ihu, sai da aka jawo shi waje. Tun ranar ya yanke cewa shi da rijiya sai dai daga sama. Ya yi makarantar koyon sana'a, ya samu aiki, ya sayi keke, ya yi aure, aka haifa masa 'yan biyu, keke ya zama babur, 'yan biyu suka girma suka kama gabansu. Gida ya rage daga shi sai Maman 'Yan Biyu, sai rijiya.

Kwamfuta ta same shi ne da girmansa. Wani injiniya ya zo aikin shekara biyu a ofishin, ya koya masa wata manhaja ta rubutu zalla: baƙin allo, fararen haruffa, ba hoto, ba wurin da za ka kai linzamin kwamfuta ka latsa. A ciki ake gina jadawali da sanduna a tsaye da 'yan layuka a kwance, ka rubuta wata, ka rubuta lamba, ka danna maɓalli ɗaya, komai ya daidaita kansa reras. A saman jadawalin kuma akwai wasu layukan umarni. Nan kake gaya wa kwamfuta yadda za ta mayar da lambobin zane: me za a rubuta a kai, wane jerin lambobi ne zai bi kwance, wane ne zai bi tsaye, layi kake so ko ɗigo-ɗigo, kuma wane launi. Injiniya ya gama aikinsa ya tafi, ya bar masa littafin bayani da aka ɗauki hotonsa, shafi ɗari uku, rabin shafukan sun dushe.

Sauran ma'aikata duk sun koma sababbin manhajoji masu launi da akwatuna. Malam Zurfi ya ce shi kam a kai kasuwa. Ba kuma don bai iya ba, taurin kai ne kawai, da kuma son a ce akwai abin da shi kaɗai ya sani a ofishin. Kuma lallai shi kaɗai ɗin ya sani. Idan ya tafi hutu, babu mai taɓa kwamfutar ko da kuskure.

Abin da zai ba ka haushi da mutumin nan shi ne kwalliyar zane. Awon rijiyoyin kansa yini ɗaya yake ɗaukar masa. Shigar da lambobin, minti ashirin. Sauran kwana ashirin da tara na wata kuwa a kan layukan umarnin nan suke ƙarewa. Ya taɓa yin mako biyu yana neman shuɗin da ya dace da ruwa, domin a manhajar ba a zaɓar launi da ido, sai ka rubuta lambarsa mai harafi shida, ka sa ta zana, ka duba, ka yi tsaki, ka goge. Wannan ya yi kama da bula, wancan ya yi kama da rigar 'yan makaranta. Ya gwada ɗigo mai kusurwa uku, ya gwada mai huɗu, ya koma zagayayye. Ya kaurara layi, ya sirantar da shi. A ƙasan kowane zane, can gefen dama, ya koya wa kwamfutar ta riƙa sa sunansa da karkatattun haruffa. Kwana huɗu wannan ya ci masa, kuma ranar da ya fito daidai sai da ya saya wa kansa lemo.

Akwai kuma rubutun da ke tsaye a gefen hagu na zanen, wanda ke faɗin abin da lambobin suke nufi. Injiniya ya bar shi da tsawo: nisa daga bakin rijiya zuwa kan ruwa, a mita. Rubutun ya fi ƙarfin wurin, yana cin gefen takarda, kullum wutsiyarsa a yanke. Wannan abu ya tsone wa Malam Zurfi ido. Shekara tara da suka wuce, a watan da tsohon Manajan ofis ya yi ritaya, ya zauna ya datse shi ya koma kalma biyu: Ruwa, mita. Ya jingina da kujera ya ce yanzu ne zane ya yi tsaf.

Ran wata Litinin ya dawo gida da la'asar da sabon zane a cikin ambulan, domin a ƙarshe ya samo shuɗin da yake nema. Ya tarar da Maman 'Yan Biyu a bakin rijiya, ta rusuna har cikinta ya hau kan siminti, hannunta ɗaya a miƙe cikin rami da ƙarshen igiya. Ya jira ta jawo gugan, rabinsa ruwa, sannan ya zaro takardar.

"Ke dubi nan. Kin taɓa ganin shuɗi irin wannan?"

Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta nisantar da takardar daga ido. Layi ne shuɗi, ya taso daga ƙasan hagu yana hawa, yana hawa, har saman dama.

"Ma sha Allah," in ji ta. "Ashe ruwa ƙaruwa yake yi. To Malam, ni me ya sa kullum nake ƙara igiya?"

"Wane irin ƙaruwa? Ke fa ba ki san karatun zane ba. Lambar nan nisa ce daga baki zuwa ruwa. In ta ƙaru, ruwa ya yi ƙasa ke nan. In layi ya hau, ruwa ya sauka."

"In ya hau, ya sauka."

"Ƙwarai."

"To Allah ya ba ku haƙuri, ku masu ilmi," ta miƙa masa takardarsa. "Ni dai abin da ya hau a wurina ya hau. Matsa min, zan kai ruwa kicin."

Ransa ya ɓaci, ba don komai ba sai don ko kallon shuɗin ba ta yi ba. Ya ci abinci yana mita a kan mutanen da ba su san darajar aiki ba.

Washegari da safe Sakatariyar ofis ta leƙo ɗakinsa, wanda a da wurin ajiye fayil ne, da takarda a hannu.

"Baba Zurfi, ina kwana. Darakta ya ce a buga zanen nan naka babba, mai launi, kafin taron ranar Alhamis. Za a haɗa shi da takardar izinin masu ƙanƙara."

"Waɗanne masu ƙanƙara?"

"Kamfanin ƙanƙarar da zai haƙa burtsatse a bayan gangare mana. Burtsatse ta huɗu ke nan. Ai kullum da zanenka ake haɗawa, ba ka sani ba? Ga shi ma na gama bugawa."

Ya karɓa ya sa tabarau. A sakin layi na biyu aka rubuta cewa, kamar yadda zanen jami'in awo ya nuna, ruwan ƙasa a yankin yana ƙaruwa shekara tara a jere, don haka babu abin da zai hana a ba da izini. Ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau ya dubi Sakatariya.

"'Yata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ke in kin kalli zanen nan, me kike gani?"

"Ruwa na hawa, Baba. Kowa ai haka yake gani. Har a bango Darakta ya maƙala na bara."

To ga inda gizo ke saƙar. Duk mai awon rijiya a kife yake karanta zanen nan, ba ya ma sanin yana yi. Tsohon Manaja da tef ya fara aiki, shi ma a kife yake karantawa, in ya ga layi ya hau sai ya dafe kai. Waɗanda suka biyo bayansa daga sashen famfo da sashen mulki suka zo, ba wanda ya taɓa leƙa rijiya. Malam Zurfi kuwa ba a kiransa taro, shi ma bai taɓa tambayar inda zanensa yake zuwa ba. Daga mita tara ruwa ya gangara zuwa mita goma sha bakwai, an haƙa manyan burtsatse uku a kan unguwar, kowace da zanensa a manne, da sunansa a karkace a ƙasa. Shekara tara yana gyara launi, yana gyara ɗigo, bai taɓa tunanin gyara inda layin ya dosa ba.

Abin da ya fara yi abin dariya ne. Ya ɗauki takardar zanen ya juya ta, ƙasa ta koma sama, wai ko za a iya kaiwa haka. Layin na nan yana hawa daga hagu zuwa dama, ko a jikinsa. Ya sake juyawa, yana hawa. Ya buga tsaki mai tsawo har masinja ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ya jawo littafin injiniya ya karkaɗe ƙura. Yinin Talata gaba ɗaya a cikinsa ya ƙare. Da farko ya yi tunanin sa alamar ragi a gaban kowace lamba, sai ya ga hakan taɓa jadawali ne, shi kuwa lambar da ya karanta a tef ba ya taɓa ta ko za a yanka shi. Dole gyaran ya tsaya a layukan umarni. Ya gwada wata kalma, kwamfuta ta yi masa jan rubutu. Ya gwada wata, zanen ya fito fari fat, ba layi ba ɗigo. Ya gwada ta uku, watanni suka juya, bana ta koma farko, shekara tara baya ta koma ƙarshe. Layin ya sauka kam, amma ƙarya ce tsagwaronta, ya goge da sauri kamar wani na kallonsa. Aka ɗauke wuta ana azahar, aka dawo da ita ana la'asar, ya tarar bai adana komai ba. Ranar ko sallama bai yi wa mai gadi ba.

Ran Laraba da hantsi ya gano abin, a ƙasan wani shafi da ya dushe. Akwai layin da ke faɗin iyakar lambobin gefen hagu, shi da kansa ya rubuta shi tuntuni: daga sifiri zuwa ashirin. Abin da ake bukata kawai a musanya su, a ce daga ashirin zuwa sifiri, sifiri ya koma sama inda bakin rijiya yake. Lamba biyu. Ya kalle su da takaici. Da ya musanya ya danna, kwamfuta ta sake yi masa jan rubutu, domin garin sauri ya goge ɗaya daga 'yan alamomin nan biyu masu rufe umarni, waɗanda yake kira 'yan kunne. Ya mayar da ɗan kunne. Ya danna.

Layin ya taso daga saman hagu ya yi ta gangarowa, da matakai uku a jikinsa inda ya faɗa da ƙarfi. Bai bukaci duba kwanan wata ba, ya san shekarun da aka haƙa burtsatse ukun nan. Sai dai ɗan akwatin da ke bayanin launi, wanda ya daɗe da ajiyewa a ƙasan dama don can ne babu komai, yanzu ya zauna daram a kan ƙarshen layin, ya rufe wurin da ya fi muni. Ya kore shi zuwa saman dama. Ya mayar da dogon rubutun injiniya a gefen hagu, ya raba shi layi biyu, ya shiga lafiya lau, abin da zai iya yi tun shekara tara baya. Hannunsa ya kai kan lambar shuɗin, don a sabon zanen ya ga kamar ya ɗan yi duhu. Ya janye hannun ya tsine wa shaiɗan.

Ran Alhamis da sassafe, Maman 'Yan Biyu na kicin, ya kwance igiyar daga jikin guga, ya naɗe, ya cusa a buhu ya ɗaure a bayan babur. Bai gaya mata ba, don ya san amsar da zai samu.

Ba a gayyace shi taron ba. Ya shiga bayan Sakatariya da ta kawo shayi, da buhu a hannu, ya tsaya a ƙarshen tebur. Mutum shida ne zaune, ga takardar izini a gaban Darakta, ga biro a kai.

"Ranka ya daɗe, ga zanen da ka ce a buga."

Darakta ya duba, ya ɗaga kai ya dubi na bango, ya sake duban na hannunsa.

"Malam, mene ne wannan? Na bara yana hawa, na bana yana sauka. Ka canza lambobi ne?"

"Ko ɗaya ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Ga jadawalin, ga littafina, a gwada. Lambobin nisa ne zuwa ruwa. Na bangon ma sauka yake faɗa, a kife yake faɗa."

"A kife. Shekara tara kana kawo mana zane a kife?"

"Haka masu awo suke karantawa, yallaɓai."

"Mu masu awo ne?"

Wani daga cikin mutanen ya ce watakila mutanen gangare ne suka zuga shi, tunda can yake zaune. Wani ya ce kwamfutar ce ta tsufa. Suka hau magana su duka, kowa na nuna zanen da ya fi kwanta masa a rai. Malam Zurfi ya yi bayani sau uku, kowane ya fi na baya dagulewa, har shi ma ya fara cewa hawa inda yake nufin sauka. Da ya ga bakinsa ba zai fisshe shi ba, sai ya zazzage buhun a kan tebur, tsakanin kofunan shayi.

Igiya ce jiƙaƙƙiya, kala-kala. Ya kama farkonta ya miƙa wa na kusa da shi, ya yi ta warwarewa yana zaga teburin.

"Wannan baƙar, da ita muke jan ruwa a gidana lokacin tsohon Manaja. Nan ta ƙare. Wannan ƙullin, shekarar burtsatse ta farko, mai ɗakina ta ƙara jar nan. Wannan ƙullin, ta biyu. Wannan, ta uku. Wannan na ƙarshe na watan jiya ne, igiyar shanya ce ta yanko. Rijiya ta bakwai ke nan a jadawali. Sauran goman ma a je a duba igiyoyinsu."

Igiyar ta zaga teburin ta dawo, har ta rage a hannunsa. Darakta ya taɓa ƙulli na uku da yatsa, ya dubi mataki na uku a sabon zanen. Sannan ya ɗauke biro daga kan takardar izinin ya sa a aljihu, ya ce wa Sakatariya ta ajiye fayil ɗin sai an sake bincike.

"Ukun da aka riga aka haƙa fa, ranka ya daɗe?"

"Waɗannan da izininsu, Malam. Izinin da aka bayar a kan zane." Ya tashi ya ciro na bangon, ya sa yatsa a ƙasan dama. "In aka tambaye ni daga sama, sunan wa zan ce yana nan?"

Malam Zurfi ya dubi karkatattun haruffan da suka ci masa kwana huɗu.

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"To za ka samu takardar neman bayani gobe. Kwashe igiyarka, ta jiƙa mana fayil."

Ya iso gida rana ta karkata. Maman 'Yan Biyu na zaune a kan turmi kusa da rijiya, ga guga a gefe ba igiya, ga kwanuka a jibge ba a wanke ba. Ta hau shi da faɗa, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Tun safe take yawon aron igiya gidajen maƙwabta, kuma duk wadda ta aro ba ta kai. Ya bar ta ta gama, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Ya ɗaura igiyar a guga ya miƙa mata, ya zaro sabon zanen ya nuna mata.

Ta nisantar da shi daga ido, ta bi layin da kallo har ƙasa.

"Yauwa. Yanzu ka yi magana. Ina muke a nan?"

Ya nuna mata ƙarshen layin, can ƙasan dama.

"An dakatar da burtsatse ta huɗu," ya ce. "Ukun suna nan."

Ta mayar masa da takardar, ta zura guga, ta rusuna har cikinta ya hau siminti. Ya kama kafaɗarta ya ce ta tashi. Ya je ya kwanto igiyar roba da yake ɗaure kaya a bayan babur, ya zauna a bakin rijiyar ya yi ƙulli na biyar da hannunsa, ya ja ya ga ya kama. Da ya leƙa don ya saki gugan, ya hango ruwan can ƙasa yana ɗan ƙyalli, bai fi bakin kofi ba.

"Kawo bokitan," ya ce. "Yau ni zan ja."